Haƙoran ɗana sun lalace, ina tsoron na cikin ma haka za su fito

Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro ɗan shekara uku. Tun da haƙoransa na gaba suka fito ba su fito farare tas ba, akwai rawaya-rawaya a jikinsu da wasu 'yan ramuka. Daga baya suka fara marmashewa, yanzu huɗu na sama sun yi baƙi, ko ruwan sanyi ya sha sai ya yi kuka. Surukata ta ce tsutsa ce, kuma ni na ja masa saboda na ƙi shan jiƙon da ta ba ni lokacin cikinsa. Yanzu ina da ciki wata biyar. Ƙanwar maigidana da ke aiki a Saudiyya ta ce rashin bitamin D ne, tunda a bene muke haya kuma ba na fita. Ta aiko mini da kwalbar ƙwayoyi, a jikinta an rubuta 50,000 IU, ta ce in riƙa shan ɗaya kullum. Anti, da gaske ne tun a ciki haƙori yake lalacewa? In sha maganin? Wallahi in na kalli bakin yaron nan sai in ji kamar ni na cuce shi.

Maman yaro, daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaro lafiya. Zan fara da abin da ba ya jira: kwalbar nan ki ajiye ta, kada ki sha ko ƙwaya ɗaya sai likita ya gan ta. Ƙanwar maigidanki alheri ta nufa, amma ƙwaya mai 50,000 IU ba ta shan kullum ba ce. IU ɗin nan ma'aunin bitamin D ne, duk lissafin bitamin ɗin da zan kawo miki da shi ne. Likitoci kan ba da irinta ga wanda aka auna jininsa aka ga bitamin ɗin ya yi ƙasa ƙwarai, galibi sau ɗaya a mako, na 'yan makonni, sannan a tsaya. Iyakar da masana a Amurka da Ingila suka sa wa babba, har da mai ciki, ita ce 4,000 a rana. Kin ga ƙwaya ɗaya ta ninka wannan iyaka fiye da sau goma sha biyu. Bitamin D kuwa ba ya fita ta fitsari kamar wasu bitamin, a cikin kitsen jiki yake taruwa. In ya yi yawa sai kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori, ya hau a jini, a fara amai da ƙishirwa da yawan fitsari, ƙoda ta wahala, har tsakuwa ta iya fita a cikinta. Mai ciki ba ta gwaji da irin wannan.

Sai tambayarki ta farko. E, da gaske ne. Haƙori tun a ciki ake gina shi, kuma da wuri fiye da yadda yawancinmu muke zato. Wajen mako na shida, lokacin da wata macen ma ba ta tabbatar da cikin ba, wani siririn layi na ƙwayoyin halitta yake yin kauri a inda dasashi zai kasance. Daga wannan layi 'yan tsiro ashirin suke ɓullowa, goma sama goma ƙasa, su ne haƙoran nono. Da farko aikin ƙwayoyin nan shi ne rabuwa: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har tsiron ya ɗauki siffar haƙorin da zai zama, na gaba ne ko fiƙa ko turmi. Daga nan sai su daina yawaita, kowace ta kama sana'arta. Wasu su zama masu zuba ƙashin haƙori na ciki, wanda likitoci ke kira dentin. Wasu su zama masu shimfiɗa farin ɓawon da ke rufe shi, wato inamel. Wajen mako na goma sha huɗu ne haƙoran gaba suke fara taurarewa, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da nake rubuta miki, wannan aikin ake yi a cikin muƙamuƙin ɗan da kike ɗauke da shi.

Ki ɗauke shi kamar gini. Kalsiyam da fosfet su ne tubali, ƙwayoyin halittar nan su ne magina, bitamin D kuma aiki biyu yake yi a wurin. Na farko, shi ne ke sa hanjinki ya tsotso kalsiyam daga abin da kika ci, wato shi ke sa tubali ya iso. Na biyu ya fi ban mamaki. Su maginan kansu, masu inamel da masu dentin, suna da wani mazauni a cikinsu da bitamin D yake shiga ya zauna, daga nan ya taɓa umarnin da ke cikin ƙwayar. A binciken da aka yi a ɗakunan gwaji, an ga yana rage wa ƙwayoyin halitta saurin rabuwa, yana tura su su nuna su fara fitar da sinadaran da tubalin zai kwanta a kai. Ɓerayen da aka cire musu wannan mazauni kan fito da haƙori mai rauni wanda bai taurara yadda ya kamata ba. Shi kuma ɗan tayi ba shi da wata hanyar samun bitamin D sai ta jininki. Fatarki ce take yin sa idan rana ta taɓa ta, hantarki ta sarrafa shi, ya ratsa mabiyiya ya isa gare shi.

Abin da ya sa wannan magana take da nauyi shi ne inamel sau ɗaya ake yin sa. Ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, fata in ta yanke tana warkewa. Amma masu shimfiɗa inamel da zarar haƙori ya huda dasashi sun gama, sun ɓace, ba masu dawowa su gyara. Shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, to amma duk inda aka samu tangarɗa lokacin shimfiɗa shi, alamar tana nan: rami, ko tsagi, ko tabo mai ruwan rawaya. Ranar haihuwa kanta tana barin wani siririn layi a cikin haƙoran nono wanda ake gani da madubin likita. Saboda haka abin da kika faɗa, cewa haƙoran yaronki sun fito da rawaya da ramuka tun farko, ya yi kama da inamel ɗin da bai ginu da kyau ba.

Masana sun daɗe suna bin wannan sawu. Tun shekarun 1920 wata Baturiyar Ingila, May Mellanby, ta nuna cewa 'yan kwikwiyon da abincinsu ba shi da bitamin D haƙoransu kan fito da mummunan inamel. A 1980 aka wallafa wani bincike daga Edinbura a Sikotland, inda aka ba mata masu ciki 400 kacal a rana, aka ga 'ya'yansu sun fi 'ya'yan waɗanda ba a ba ba tsira daga nakasar inamel. A 2014 masu bincike a Winifeg ta Kanada suka ga matan da bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa lokacin ciki, 'ya'yansu sun fi kamuwa da ruɓewar haƙori tun suna ƙanana. Wanda ya fi ƙarfi shi ne na Denmak da aka wallafa a 2019. Mata fiye da 600 aka raba gida biyu tun daga mako na 24. Kowa tana shan 400 na yau da kullum, amma aka ƙara wa rukuni ɗaya 2,400 a kai. Da yaran suka kai shekara shida aka duba bakinsu, sai aka tarar nakasar inamel ta ragu da kusan rabi a rukunin da aka ƙara wa. Ki lura da abu biyu a nan. Daga wata na shida aka fara ba su, wato ke ba ki makara ba. Sannan a wannan binciken ruɓewar haƙori ba ta ragu ba, nakasar ɓawon ce kawai ta ragu. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Duk da haka ban yarda ki ɗora wa kanki laifin bakin yaron nan ba, kuma ba don in kwantar miki da hankali kawai na faɗa ba. Abubuwan da ke dagula wa masu inamel aiki suna da yawa. Haihuwar bakwaini tana yi, haka jaririn da aka haifa ba nauyi, da shawarar jarirai mai tsanani, da zazzaɓi mai zafi a watannin farko, da ƙyanda, da gudawa mai tsawo, da tamowa. Wasu yaran ma gado ne. Akwai kuma kafson nan mai ja da rawaya, tetarasaikilin, da ake ɓarewa a zuba wa jarirai a cokali wai don zawon haƙori. Wannan magani yana shiga cikin haƙorin da ake ginawa ya rina shi har abada, shi ya sa ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara takwas ba. A wasu garuruwan ruwan sha ne ke da sinadarin fulorayid fiye da kima, kamar yadda aka sani a yankin Langtang a Filato, da garin Tibiri kusa da Maraɗi. Babu wanda zai kalli baki bayan shekara uku ya rantse cewa ga dalili ɗaya. Jiƙon da kika ƙi sha kuwa ba shi cikin lissafin nan ko kaɗan.

A ganina ma, a ƙasarmu bitamin D rabin labarin ne. Denmak ƙasa ce da rana ke yin rauni watanni da yawa a shekara, amma mutanenta suna shan madara suna cin cuku. Mu kuma rana ta ishe mu, tubalin ne ba ya isa. A Jos likitoci sun bi yara masu gwame da ƙafar baka, suka wallafa sakamakon a 1999. Abin da suka gano shi ne yawancin yaran kalsiyam ɗin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kawai a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai warkewa. Tuwonmu na masara da dawa da gero kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, ga shi dusar hatsi tana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan abin da ke ciki ya hana hanji tsotsa. Ɗan tayi kuwa yana tara kusan giram talatin na kalsiyam kafin a haife shi, mafi yawansa a watanni ukun ƙarshe, waɗanda ke gabanki yanzu. Don haka in kika sha bitamin D alhali abincinki babu kalsiyam, ba a yi komai ba.

To me za ki yi? Ranar awonki mai zuwa ki tafi da kwalbar a jaka. Ki gaya wa likita ko ungozomar asibiti gaskiyar zamanki: a bene kike, ba tsakar gida, in za ki fita kina rufe jiki ruf. Wannan bayani shi suke buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ba kowace mai ciki bitamin D ba, amma macen da rana ba ta taɓa fatarta tana cikin waɗanda ake dubawa daban. A Ingila 400 a rana ake ce wa masu ciki su sha, a Amurka 600 ake ɗauka a matsayin buƙatar rana. Wannan shi ne ma'aunin da ake magana a kai, kuma wataƙila ma yana cikin ƙwayar bitamin ta masu ciki da aka riga aka rubuta miki, ki duba jikin kwalin. In da hali a auna jininki, ya fi. In an ga ya yi ƙasa sosai, likita ne zai faɗi abin da za a ƙara da tsawon lokacin. Ki tambaye su batun ƙwayar kalsiyam ma. Hukumar ta ba da shawarar a ba masu ciki ita a wuraren da abinci ba shi da kalsiyam, saboda tana rage haɗarin hawan jinin ciki da ke kai mace ga jijjiga. In an ba ki, kada ki haɗa ta da maganin ƙarin jini a lokaci ɗaya, ki sa sa'o'i a tsakani, don kalsiyam yana tare wa sinadarin ƙarfe hanya. Man hantar kifi kuma ki bar shi sai kin haihu, bitamin A ɗin da ke cikinsa ya yi wa mai ciki yawa.

Batun rana akwai kuskuren da ya yaɗu. Ana cewa ranar sassafe ita ce mai bitamin D. Hasken da ke sa fata ta yi bitamin ɗin ba shi da ƙarfi lokacin da rana take ƙasa-ƙasa, sai ta ɗaga. Ki duba inuwarki: in ta fi ki tsawo sosai, amfanin kaɗan ne. Daga hantsi ya dubi ludayi zuwa kafin azahar ya fi. Zama bayan gilashin taga ba ya yi, gilashi yana tare wannan hasken, tufafi ma haka. Baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da fara. Ba sai kin keta suturarki ba. In kuna da baranda, a kewaye ta da zani ko tabarma ta yadda rana za ta sauko ta sama, ki buɗe hannuwa da ƙwauri kamar minti ashirin zuwa talatin, sau uku ko huɗu a mako, da ruwan sha a kusa. Da kin ji jiri ki tashi. In barandar ba ta samun rana, ga tsakar gidan surukarki, ki riƙa kai mata gaisuwa da hantsi.

Abinci kuma ba sai na masu kuɗi ba. Nono da kindirmo su ne kan gaba, ki tabbata dai an tafasa madarar kafin a yi su. Miyar kuka tana da kalsiyam sosai, zogale ma haka, da riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙayarsu. Tamba, in kina samunta, ta fi duk hatsinmu kalsiyam, kununta zai yi miki amfani. Hatsin da aka jiƙa ya kwana ya yi tsami, kamar na kamu, ya fi sakin abin da ke cikinsa. Bitamin D a abinci kaɗan ne, amma akwai shi a kifin gwangwani da kifin taitus da kwanduwar ƙwai. In kwaɗayin farar ƙasa ya taso miki, ki sani ba kalsiyam za ta ba ki ba, jini za ta rage miki, kuma yawan kwaɗayinta kansa alama ce da ya kamata ki faɗa a wurin awo. Maganar da ake yi cewa ɗan ciki yana zuƙe haƙoran uwa ba haka ba ne. Daga abinci yake ɗiba, in bai isa ba daga ƙashinki. Abin da ke ɓata haƙoran masu ciki shi ne kumburin dasashi da tsamin aman laulayi. Bayan amai ki kurkure baki da ruwa, ki ɗan jira kafin ki sa buroshi.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, shi ne yaron da ke gabanki yana kuka in ya sha ruwa. Na ce miki zan dawo kan ruɓewa. Inamel mai rauni ƙofa ce kawai a buɗe. Abin da ke shiga ya cinye haƙori ƙwayoyin cuta ne na baki da ke cin sukari su fitar da tsami. Ba tsutsa ba ce, don haka turaren da ake yi wa baki a ce ga tsutsa ta faɗo ba zai yi komai ba. Haƙora huɗu na sama su yi baƙi tare, wannan siffa ce da likitocin haƙori suka sani a yaran da ke barci da fidar shayi ko madara mai sukari a baki, ko masu yini suna tsotsar lemon kwali da alewa. Ki duba ko akwai wannan a gidanku, har da abin da baƙi da kakanni ke miƙa masa. Ba yawan zaƙin kaɗai ba, yawan lokutan da yake taɓa haƙori a yini shi ne ya fi ɓarna. Ki goge masa baki da kanki safe da dare da man goge baki mai fulorayid, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, ya tofar kada ya haɗiye. Na dare ya fi muhimmanci, bayansa kuma ba abin da zai shiga bakin sai ruwa.

Ki kai shi wurin likitan haƙori a wannan watan, kada ki jira famfara. Mutane kan ce ai na nono ne za su zube. Na gaba sai wajen shekara shida ko bakwai suke zubewa, turamen kuwa har sha ɗaya ko sha biyu, kuma yaron da bakinsa ke ciwo ba ya cin abinci ba ya barci. In ruɓewar ta kai saiwa ta yi ƙurji, tana iya taɓa haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashi. Akwai maganin da ake shafawa ya tsayar da ruɓewa ba tare da an yi huda ba, akwai ciko, likita zai zaɓa in ya gani. In kin ga kumburi a dasashi ko a fuska, ko zazzaɓi, a ranar za ku tafi. Ga kuma abin da zai sanyaya miki rai: haƙoransa na girma yanzu ake gina su a cikin muƙamuƙinsa, wasunsu ma ba su daɗe da fara taurarewa ba. Nonon da kukar da kifin da za ki ci, ki zuba masa nasa, ki bar shi ya yi wasa a waje. A nuna wa likita ƙafafunsa da wuyan hannunsa ma, don a tabbata ƙashinsa lafiya yake.

In Allah ya sauke ki, ki sani turamen farko na girma, waɗanda ke fitowa a shekara shida, daidai lokacin haihuwa suke fara taurarewa, kuma ɓawon haƙoran nono na baya sai wajen ƙarshen shekarar farko yake kammala. Nonon uwa shi ne abincin jariri har wata shida, amma bitamin D ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ƙasashe da yawa suke ɗiga wa jarirai 400 a rana har su shekara. Ki tambayi likitan yara tun kafin a sallame ku. Kada a shanya jariri a rana da sunan bitamin, kada kuma kowa ya ɓare masa kafso in haƙori ya fara fitowa.

Surukarki kuwa kada ki yi jayayya da ita a kan tsutsa. Jikanta take gani yana kuka, ita ma abin yana cin ta. Ki roƙi maigidan ya raka ku wurin likitan haƙori ya ji da kunnensa, shi zai fi iya kai mata bayanin yadda za ta karɓa. Ke kuma ki nemi taimakonta a inda ta fi ki sani: ta samo miki kuka mai kyau da daddawa, ta haɗa ki da mai nonon da ta yarda da tsabtarta, kuma ki roƙe ta cikin ladabi a rage wa yaron alewa saboda likita ya hana. Ƙanwar maigidan ki yi mata godiya, ki ce kin kai kwalbar asibiti ana dubawa.

Allah ya raba lafiya.